Gahawar Yirgacheffe Wankakkiya: Ga Wa Ta Dace, Kuma Yaya Ake Haɗa Ta?

Wanda bakinsa ya saba da Nescafé da madara da sukari cokali uku, in ya kurɓi gahawar Yirgacheffe karon farko zai iya cewa shayi aka ba shi. Ba ta da kauri, ɗacinta kaɗan ne, ƙamshinta na fure ne, sannan akwai tsami mai tsabta irin na ɓawon lemun tsami. Wannan shi ne abin da ake biyan kuɗinsa, kuma shi ne abin da ke korar wasu.

Yirgacheffe gari ne a yankin Gedeo da ke kudancin Habasha, inda gonaki ke kan tudu mai tsayin mita 1,700 zuwa 2,200. Sanyin tudun yana sa 'ya'yan su nuna a hankali, ƙwayar ta yi tauri, ta tara zaƙi da tsami. Mafi yawan manoman ƙanana ne, suna shuka gahawa a inuwar bishiyoyi da ensete, tsiron nan mai kama da ayaba wanda mutanen wurin ke ci. A 2023 UNESCO ta sa wannan tsarin noma na Gedeo cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Sunan ma sai da aka yi ja-in-ja a kansa, har kamfanin Starbucks ya amince a 2007 cewa Habasha ce ke da haƙƙin sunayen gahawarta na Yirgacheffe da Sidamo da Harar.

Abin da ya kamata mai saye ya fara dubawa a jikin leda shi ne yadda aka sarrafa ta. Wankakkiya, wadda muke magana a kanta, ana cire mata ɓawo ranar da aka tsinko ta, a jiƙa ta cikin ruwa kwana ɗaya da rabi zuwa uku har yauƙin jikinta ya saki, a wanke, a shanya a kan dogayen gadaje na raga kimanin mako biyu, sai danshinta ya sauko kashi 10 zuwa 12 cikin 100. Wadda aka shanya da ɓawonta daban take: ta fi zaƙi da nauyi a baki, tana ƙamshin nunannun 'ya'yan itace, amma in shanyar ba ta yi kyau ba takan yi warin tsimi. Wankakkiya ba ta da inda za ta ɓoye aibinta, shi ya sa mai kyaunta ke fita fes. A nemi mai lambar daraja 1 ko 2, wadda aka rubuta sunan wurin wankinta, kamar Konga ko Idido, da ranar suya. Ledar da ke ɗauke da ranar lalacewa kawai, ba ranar suya, a bar ta a kanti.

Suyar ita ce ke gyarawa ko ɓatawa. In ƙwayar ta yi baƙi tana ƙyallin mai, an ƙone ƙamshin furen, an bar maka ɗacin da za ka samu a gahawa mai rabin kuɗinta. Launin ƙasa-ƙasa mai haske, busasshiya ba maiƙo, shi ake so. Kuma kada a yi gaggawa: ta huta kwana 7 zuwa 14 bayan suya, iskar da ke cikinta ta ragu, sannan a shanye ta cikin wata guda ko mako shida.

A matatar takarda irin V60 ta fi nuna kanta. Giram 15 na gahawa, ruwa giram 250, zafin digiri 93 zuwa 96; in babu ma'aunin zafi, a sauke tafasasshen ruwa a jira daƙiƙa 30. A fara jiƙa takardar da ruwan zafi a zubar, don warinta ya fita. A zuba ruwa giram 40 a kan garin, a jira daƙiƙa 40 ya kumbura, sannan a ƙarasa sauran a zubi biyu, a hankali, ana kewayawa. Duka ya ƙare cikin minti 3 zuwa 3 da rabi. Ledar giram 250 za ta ba da kofi 16.

Ga babban aibinta nan. Ƙwayoyin ƙanana ne masu tauri, girmansu bai daidaita ba, kuma in an niƙa su suna fitar da ƙura mai laushi da ke toshe takarda. Sai ruwa ya tsaya ya ƙi sauka, a kai minti 5, gahawar ta fito da bauri mai kama harshe. Maganinsa a sassauta niƙan, ya kai kaurin tsakin masara mai laushi, a kuma rage juyawa. In kuwa ta fito da tsami mai yanka ba zaƙi a bayansa, niƙan ya yi tsaki-tsaki da yawa ko ruwan ya huce. Injin niƙa mai wuƙa irin na kayan miya ba zai yi ba, domin yana haɗa gari da tsaki wuri guda, a sha ɗaci da tsami lokaci ɗaya.

Ruwa ma yana da nasa. Na burtsatse mai barin farin ɓurɓushi a gindin buta yana kashe tsamin, kofin ya fito salam. A gwada da ruwan gora, bambancin a fili yake. A ƙasa mai zafi a ajiye ƙwayar cikin leda mai rufewa gam, nesa da rana da kayan yaji, a riƙa niƙa ta sha ɗaya kawai.

Mai son gahawa da citta da kanumfari, ko da madara, ya sayi ta Brazil ko ta Harar, sun fi jure haɗi. Yirgacheffe ta mai shanta baƙa ce, kuma a bar ta ta ɗan huce kafin a yanke mata hukunci, domin sai zafin ya sauka lemun da furen ke fitowa sosai.