Ci Gaban Halloween: Na 1981 Ko Na 2018?

Fina-finai biyu ne suka ɗora kai tsaye a kan Halloween, fim ɗin ban tsoro na 1978, kuma kowanne da hanyar da ya bi.

Na 1981 ya tashi daga daren da na farko ya tsaya. An kai Laurie, yarinyar da ta tsira a fim na farko, asibiti, makashin nan Michael Myers ya biyo sawunta. Asibitin ne ƙarfin fim ɗin: duhu, shiru, ma'aikata 'yan ƙalilan. Amma Laurie ta daɗe a kwance, jini kuma ya yi yawa har ya rage fargaba. Babban kuskurensa shi ne mayar da ita ƙanwar Michael. Makashin da ba a san dalilinsa ba ya fi ban tsoro. Da aka ba shi dalili, sai abin ya koma rikicin gida.

Na 2018 ya share wannan dangantaka, ya tsallake shekara 40. Laurie ta zama kaka, ta tara bindigogi tana dakon Michael. Ni dai wannan ya fi kwanta mini. Sai dai barkwancinsa kan faɗo inda bai dace ba, ga wani likita da aka cusa don kawai ya kai makashin gidanta.