Golf GTI ta hannu a Damagaram: abin da take ci bayan an biya kuɗinta

Volkswagen Golf GTI ƙirar 2005 zuwa 2012 mota ce mai saurin shiga rai. Ga ta ƙarama, tana ratsa lungunan Birni da Zango ba wahala, in kuma aka hau kwaltar Maradi aka taka ta, sai ta manna mutum da kujera. Hukuncina bayan amfani da ita shi ne injinta yana da ƙarko, amma ba ya jure irin riƙon da muka saba yi wa Toyota: kowane mai, kowane ruwa, a gyara in ta tsaya. Yawancin waɗanda ke kwance a garaji ƙura ta rufe su, wannan riƙon ne ya kwantar da su tun kafin tsufa ya zo.

Iri biyu ne suka fi shigowa, kuma cutarsu ba ɗaya ba ce. Golf 5 GTI, wadda aka fara sayarwa ƙarshen 2004, injinta lita 2 ne mai turbo, ƙarfin doki 200, kuma bel ne ke haɗa sama da ƙasan injin. Golf 6 GTI ta 2009 tana da doki 210, ita kuma sarƙa gare ta a maimakon bel. Dillalai kan yabi sarƙar, wai ba a canza ta har abada. Nan ne babban tarkon yake.

Sarƙar Golf 6 tana da wani ɗan ƙarfe mai ɗame ta, wanda matsin man inji ke turawa. A ƙirar farko, haƙoran da ke riƙe shi idan an kashe inji suna lalacewa. Sai mota ta kwana lafiya, da safe a murza makulli, sarƙa ta yi sako-sako ta tsallake haƙori, fistan ya daki bawul. Daga nan sai sauke kan inji, wani lokaci ma sai dai wani injin. Volkswagen ta sauya ƙirar ƙarfen wajen 2012, sabon yana ɗauke da lamba 06K 109 467 K. A murfin sarƙa na ƙasa akwai ɗan toshi da ake cirewa a leƙa da madubi da tocila a ga wanne ne a ciki. Duk wanda zai sayi Golf 6 ya sa a leƙa masa kafin ya ba da ko dala. Ya kuma nace a tada masa injin da sanyinsa, bayan ya kwana. Idan ya ji ƙarar kacau-kacau na daƙiƙa biyu ko uku daga gefen dama na injin, ko kwamfutar gwajin mota ta nuna lambar matsala P0016, to sarƙa da abin ɗame ta da robobin da take bi duk na canji ne, a cire kuɗinsu daga farashi. Dillalin da ya riga ya ɗumama mota kafin ka iso, ka tambaye shi dalili.

Golf 5 ta fi sauƙin sha'ani a wannan fanni. A canza bel da famfon ruwa tare da zarar an saya, sannan duk kilomita 90,000 ko shekara 5, don zafinmu yana busar da roba. Abin da ake mantawa da shi wani ɗan kofin ƙarfe ne da ke ƙarƙashin famfon esansi mai matsi a saman inji. Yana gogar sandar kam, wadda ke buɗe bawul, kullum har ya huje, in ya huje kuma ya cinye sandar da famfon. Kusoshi uku ne ke riƙe famfon, aikin bai kai awa ɗaya ba, kofin kuwa yana cikin mafi arhar kayan motar. A duba shi duk kilomita 15,000: muddin baƙin rufin samansa ya goge har farin ƙarfe ya fito, a jefar.

Man inji shi ne inda aka fi cutar motar nan. Tana shan lita 4.6 na 5W-40 mai ɗauke da shaidar VW 502 00 a jikin galan. Mai kaurin 20W-50 da ake aunawa a bakin hanya yana jinkirin isa turbo da abin ɗame sarƙa lokacin tashi, kuma yana daskarewa ya toshe rariyar famfon mai. A Turai ana barin mai har kilomita 30,000, shi ya sa da yawa ke isowa da datti a ciki. A nan, da ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu, kilomita 5,000 zuwa 7,000 ya isa, da sabuwar matatar mai kowane juyi. Injin yana ɗan shan mai ko da lafiyarsa lau, saboda haka a riƙa zaro sanda duk mako, a ajiye lita ɗaya a but. Idan shan ya yi yawa, ko inji yana rawa a tsaye tare da ƙarar fito, a fara da bawul ɗin numfashin inji da ke kan murfin sama kafin a yarda da maganar sauke fistan. Robar cikinsa ce ke yagewa.

Batun esansi kuwa, motar an ƙera ta ne don esansi mai lambar oktan (ma'aunin ingancinsa) 95 zuwa sama, mu kuma iri ɗaya ake zuba mana a gidan mai. Kwamfutar injin tana rage wuta da kanta don kare shi, sai ƙarfi ya ɗan ragu, musamman da tsakar rana. Wannan ba ya kashe inji. Abin da ke kashe shi abu biyu ne: esansin kwalba mai yashi da ruwa, wanda ke lalata allurai masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, da kuma motar da wani matashi a Jamus ya sa aka ƙara wa kwamfutarta ƙarfi don mai lamba 98. Irin wannan a mayar da ita yadda kamfani ya tsara, ko a bar ta. Tunda alluran ba sa wanke bawul ɗin shigar iska, baƙin gawayi yana taruwa a kansu. Alamarsa rawar inji da safe da lambobin P0300 zuwa P0304 da ba sa tafiya ko an canza buji da kwayil. Maganinsa a cire bututun iska a kankare da hannu, silinda ɗaya bayan ɗaya, bawul a rufe.

Lissafin shanta ba shi da wuya. A cikin gari da na'urar sanyi a kunne, a sa lita 11 zuwa 12 a kilomita 100. A doguwar hanya da taku mai hankali, wajen lita 8. A farashin CFA 499 kowace lita da aka tsayar a Yulin 2024, cika tankinta mai lita 55 ya haura jika 27 kaɗan, mai yin kilomita 1,000 a wata a cikin gari kuwa ya tanadi jika 55 zuwa 60.

Zafi yana da nasa haraji. Lagireto da na'urar sanyaya iskar turbo da ta sanyin ɗaki suna jere ne a gaba, ɗaya bayan ɗaya, ƙura da ƙaiƙayi suna cushewa a tsakaninsu inda ido ba ya gani. A hure su da iska mai matsi kafin bazara. Gidan famfon ruwan Golf 6 na roba ne, yana tsagewa ya riƙa ɗiga a ƙarƙashin bututun iska, alamarsa busasshen ruwan hoda a jikin inji. Ruwan sanyaya G12++ ko G13 ake zubawa, gauraye da tataccen ruwa rabi da rabi. Kuma don Allah kada a bar bakanike ya cire tamostat, wato abin daidaita zafin inji, wai don mota ta daina zafi. Injin da bai kai digiri 90 ba yana ƙara shan esansi, esansin kuma ya sauka ya tsinka mai.

A kan giya, ra'ayina a fili yake: a sayi mai giyar hannu, mai giya shida. DSG, wato giyar otomatik, tana da daɗi ƙwarai, amma tana son sabon mai na musamman, wajen lita 5 da matatarsa, duk kilomita 60,000, kuma ana daidaita yawansa ne da kwamfuta yayin da zafin man yake tsakanin digiri 35 da 45. A Damagaram cikin watan Mayu, wannan aikin na bayan sallar asuba ne. Tafiyar rarrafe cikin yashi tana ƙona kulocinta, in kwakwalwar giyar ta lalace kuma, samun mai gyara ya zama tafiya. Idan tana fizga daga tsaye, ko harufan giya suna ƙiftawa a allo, a wuce ta.

Ƙasanta gajere ne, don an sauke ta fiye da Golf ta gama-gari. Kaskon man Golf 5 na alminiyam ne, dutse ɗaya yana fasa shi, saboda haka farantin ƙarfe a ƙasa ya zama dole. Ƙafa mai inci 17 da taya 225/45 ta fi ta inci 18 jure rami nesa ba kusa ba. A leƙa bakin mudugadin gaba da ƙasan ƙofofi, gishirin titunan Turai yana barin tsatsa a nan.

Kayan ƙafa da birki da yawansu tana tarayya da sauran Golf da Audi A3 na zamaninta, ana samu. Na inji da turbo kuwa sai an aika Kano, kasuwar Kofar Ruwa, ko Yamai, kuma jabu ya yi yawa, musamman kwayil da bawul ɗin numfashi. A yi oda da lambar shasi, a tanadi kwayil ɗaya a mota. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, motoci da kayansu na bin doguwar hanya, an kuma ji a farashi.

Shawarata ga mai saye: ya ware kwatankwacin kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motar, bayan na duwan da inshora, don aikin watan farko, wato bel ko sarƙa, famfon ruwa, dukkan mai da matatu, buji huɗu da farantin ƙasa. Ya kuma san bakaniken da ke da kwamfutar karanta Volkswagen tun kafin ciniki ya faɗa. Wanda kuɗinsa ya ƙare daidai farashin motar, ko wanda hanyarsa ta kullum ta ƙauye ce mai yashi, ya nemi Corolla.