Jak ɗin ya kusa kashe ni, ƙarafan tokare ne suka tare motar

A shago ɗaya na saye su a nan Gombe: jak mai amfani da mai, irin mai siffar kwalba, da ƙarafan tokare guda biyu, waɗanda makanikai ke ce wa jak-stan. Jak na je nema. Ƙarafan kuwa sai da mai shagon ya yi ta lallaɓa ni ina noƙewa, don kun dai san yadda kayan ƙarfe suka yi wuta yanzu.

Sharon nake ja, Gombe zuwa Bauchi, kuma ƙananan gyare-gyare ni nake yin abina a ƙofar gida a Pantami. Rannan salansa ce take ta ƙara. Na sa mota a giya ta ɗaya, na ja hanbirki, na danna wa tayoyin baya weji, sannan na ɗaga gefen direba. Na tura ƙarfe ɗaya ƙarƙashi, na kishingiɗa ina ƙoƙarin ɗago sandarsa ta tsakiya mai haƙori ta kai jikin motar, kafaɗata da hannuna duk suna ciki. Ban ji ƙarar komai ba. Gani kawai na yi motar tana sunkuyowa kaina a hankali. Kafin in ja jiki sai na ji ƙwas, ta zauna a kan ƙarfen, tsakanin ƙirjina da ita bai fi tafin hannu ba. Ƙanena da ke miƙo min sifana ya saki salati yana cewa, "Yaya, fito! Yaya, fito!" Na fito, amma wallahi na daɗe zaune a ƙasa ƙafafuna suna rawa.

Ko da na duba, mai ne ke tsiyaya ta wuyan jak ɗin. Sabo fil fa! Shi irin wannan jak, abin da ke riƙe da nauyin duka mai ne da 'yar robar da ke toshe shi, da zarar robar ta saki shi ke nan. Kuma an rubuta tan 5 ɓaro-ɓaro a jikinsa, alhali Sharon ba kaya ko tan 2 ba ta kai ba.

Na ɗauke shi na koma shagon. Na ce, "Alhaji, jak ɗinka ya kusa sa a yi min sallah." Ya juya shi, ya ce, "Malam, ai jak ɗagawa yake yi, ba riƙewa ba. Shi ya sa na ce ka haɗa da ƙarafan." Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ba ni haushi. To ɗagawar ma ai bai gama ba! Ya ce in ƙara masa mai. Canji babu, kuɗi babu.

Su ƙarafan, ranar ji na yi ko nawa aka ce sun ci kuɗinsu. Maƙwabcina da yake min dariya wai bulo ma ya isa, yanzu shi ke aiko yaro aro. Bulon siminti ai ba ya ba da sanarwa, rugujewa yake yi lokaci ɗaya.

Sai dai da na daɗe da su na fara ganin aibinsu. Ƙafafunsu tsiraran ƙarfe ne, ba faranti a ƙasa, ga ƙasar Gombe yashi. Nutsewa suke yi, ɗaya ya fi ɗaya, motar ta karkace. Dole sai na shimfiɗa katako mai kauri, wanda shi ma saya na yi. Tan 3 da aka rubuta kuma na su biyun ne a haɗe, Alhaji bai ga damar faɗa min ba. Waldar ɗayan kamar da ido a rufe aka yi ta.

Babban abin da ke damuna shi ne haƙori kaɗai ke riƙe su, ba ƙusar da ake sokawa ta kulle. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye irin waɗannan masu haƙori kusan miliyan 1.7, saboda harshen da ke kama haƙorin yana iya zamewa. Nawa ba nasu ba ne, amma mu nan wa zai janye maka? Shi ya sa in na sauke motar a kansu sai na girgiza ta da ƙarfi, in tura safaya taya ƙarƙashi, sannan in shiga.

Ƙarafan a saya, amma a nemi masu ƙusa da faffaɗar ƙafa ko da sun fi tsada. Jak ɗin kuwa yana nan yashe a zaure yana ɓata min siminti da mai, kuma ni da Alhaji ba mu gama magana ba.