Na'urar Sikanin ko ta Eksire: Wacce Ta Dace da Gwajin Ɗaliban Fiziks?

Malamai da ɗalibai suna yawan tambaya wacce daga cikin waɗannan na'urorin asibiti biyu ta fi dacewa da gwaji a ɗakin karatu.

Ta fuskar haɗari, tazarar tana da faɗi. Na'urar sikanin (ultrasound) da sautin da ya wuce jin kunnen mutum take aiki, ba ta fitar da hasken da ke lalata ƙwayoyin jiki. Ana iya daskarar da jelatin, wato garin da ke sa ruwa ya yi kauri ya daskare, a roba, a binne ƙwallon dabino a ciki, sannan ɗalibi ya auna zurfinsa. Darasin yana da daɗi, domin na'urar tana ɗauka cewa sauti na tafiyar mita 1540 a daƙiƙa kamar a naman jikin mutum, alhali a ruwa, wanda shi ne mafi yawan haɗin jelatin ɗin, kusan mita 1480 ne, saboda haka zurfin da allo ya nuna zai ɗan zarce na gaskiya.

Eksire kuwa, wanda masanin fiziks ɗan Jamus, Röntgen, ya gano a 1895, yana buƙatar ɗaki mai kariyar dalma, da ma'aunin haske a ƙirjin kowa, da lasisi, wanda a Najeriya hukumar sa ido kan harkokin nukiliya, NNRA, ke bayarwa. Ba a yarda a haska mutum don gwajin ɗalibai ba. Ana jera faifan alminiyam ne ɗaya bayan ɗaya, har a gano kaurin da ke rage ƙarfin hasken zuwa rabi. Tsadarsa ma ta fi yawa.

Sikanin ya dace da ɗaliban shekarun farko da makarantu masu ƙaramin kasafi. Eksire ya fi dacewa da masu shirin ƙwarewa a fiziks na asibiti, ƙarƙashin kulawar jami'in kariya.