Hearthstone: Frozen Throne da Kobolds & Catacombs, wanne ya fi armashi?

A shekarar 2017 kamfanin Blizzard ya fitar da waɗannan ƙarin biyu a jere na Hearthstone, wasansa na kati da ake bugawa a kwamfuta da waya, kowanne da kati 135, amma halinsu ya sha bamban.

Knights of the Frozen Throne, na watan Agusta, shi ne mai labari da kai da gindi. Lich King, sarkin matattu, na kan karagarsa ta ƙanƙara, jaruman wasan tara duk sun rikiɗe sun zama mayaƙan mutuwa. Jaina da aka saba gani tana jefa wuta ta koma kiran dodannin ruwa masu zuƙar rai. Shi kuwa gogan, Lich King, duk jarumin da ka tunkare shi da shi, akwai muguntar da ya tanadar masa, ga baƙar magana.

Kobolds & Catacombs na Disamba kusan ba shi da labari: ramuka, dukiya, da wasu halittu masu kama da ɓeraye ɗauke da kyandir a ka. Amma ni nan na fi jin daɗi, domin shaƙiyancin yana cikin katin kansa. Katin King Togwaggle musanya tarin katinka yake yi da na abokin karawa, sai abokin karawar ya biya fansa kafin nasa ya dawo. A Dungeon Run kuma, wato ɓangaren da ake bugawa kai kaɗai, dodanni takwas ne a jere, ka faɗi ko a na ƙarshe, ka koma farko.