Wuƙar aljihu ta baƙin ƙarfe: wacce za ta jure laimar Kumasi?

Kafin ka tambayi kuɗin wuƙar aljihu, fara tambayar kanka ko kai mutum ne mai goge wuƙa in ya gama aiki da ita. Idan ka san halinka shi ne ka fasa goro, ka naɗe ta da danshinta ka jefa aljihu, to baƙin ƙarfe ba naka ba ne, nemi farin ƙarfe marar tsatsa ka huta. Kumasi gari ne mai damina biyu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma ko ranar da ba a yi ruwa ba iska a jiƙe take. 'Yan'uwanmu na Nima da Mamobi a Accra nasu ya fi namu, don iskar teku tana ɗauke da gishiri. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Baƙin ƙarfe zai yi tsatsa, babu kamfanin da ya ƙera wanda ba ya yi.

To me ya sa muke sonsa? Saboda kaifi. Baƙin ƙarfen wuƙa ƙarfe ne da aka sa wa sinadarin kabon ɗan kaɗan, galibi daga rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari. Marar tsatsa kuwa sai an zuba masa kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ne ke yi masa rigar da ruwa ba ya ci. Baƙin ƙarfe ba shi da wannan riga, amma yana karɓar wasawa da sauri, a kan dutse na gama-gari, har ma a gindin kofin tangaran in babu dutse kusa. Farin ƙarfe na kirki ma yana kaifi, ba na musun haka. Sai dai irin wanda ya cika tebura a kasuwar Kejetia, mai walƙiya da araha, za ka wasa shi har hannu ya gaji bakin na lanƙwashewa, bai yi kaifi ba. Malamin da ke fiƙe alƙalami, da mai fasa goro, da mai ɗinkin fata, sun san wannan bambanci a hannunsu. Manomi ma ya sani, don addarsa mai tambarin kada daga wannan dangin ƙarfen take.

Lambobin ƙarfe da za ka ji ana kira ba su da wuya. Wuƙar Okapi ana yinta da 1055, wato kabon kusan kashi 0.55. Douk-Douk da Mercator na wajen 0.75, Opinel na wajen 0.9, manyan wuƙaƙen Amurka kuma da yawansu 1095 ne, wato kabon kusan 0.95. Yawan kabon na ba da damar ƙarfe ya yi tauri ya daɗe bai dakushe ba, ƙarancinsa na sa shi juriya, ba ya saurin ɓallewa. Amma a aikin yau da kullum wannan bambanci ƙarami ne. Abin da zai raba ka da wuƙa ko ya haɗa ku a garin nan shi ne ƙotarta da yadda take kullewa, don nan ne laima ke fara ɓarna. Da wannan ma'aunin nake auna su.

Opinel ita ce na fi jin daɗin yanka da ita. Joseph Opinel ya fara yinta a yankin Savoie na Faransa a 1890, ƙota ta katako, ruwan wuƙar siriri. A 1955 aka ƙara mata zoben da ake murzawa ya kulle ruwan, kuma daga lamba 6 zuwa sama ne ake samun zoben. Lamba 8 ita ce daidai aljihu: tsawon ruwanta santimita 8.5, nauyinta bai kai giram 50 ba. Duba jikin ruwan, in an rubuta Carbone baƙin ƙarfe ne, in Inox ne marar tsatsa ne, kuma kusa da rubutun akwai tambarin hannu da kambi a samansa. Sirantakar ruwan ta sa tana ratsa albasa, rake da nama ba tare da ka danna ba. Matsalarta ɗaya ce, kuma a Kumasi babba ce: katako na shan laima ya kumbura, ya matse ruwan, har farce ya kasa buɗe ta. A watan Yuni sabuwar Opinel za ta iya ƙin buɗuwa ko ba ta taɓa ruwa ba. Dabarar da aka sani ita ce ka buga ƙarshen ƙotar a kan tebur, tsinin zai leƙo ka ja shi. Maganin da ya fi ɗorewa kuwa a lokacin hunturu ake yinsa, tsakanin Disamba da Fabrairu, sa'ad da katakon ya bushe sarai: ka cusa Vaseline ko kakin zuma a mahaɗar da cikin tsagin ƙotar, ka bar shi ya sha. Katakon da ya ƙoshi da mai ba ya da wurin ruwa. Kuma kada ka taɓa tsoma ta cikin bokiti, ruwan wuƙar kaɗai ake gogewa.

Douk-Douk ba ta san wannan ciwo ba, don babu katako a jikinta ko kaɗan. Gidan Cognet da ke garin Thiers a Faransa ke yinta tun 1929, ƙotarta farantin ƙarfe ne da aka ninka biyu, shi ya sa take shafal a aljihu ba ta ɓata zubin kaftani. An yi ta ne da niyyar sayarwa a tsibiran Melanesiya, hoton da ke jikinta ma na wani dodon can ne, amma kasuwarta sai ta buɗe a Afirka ta Arewa da ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki. Akwai samfurinta mai suna El Baraka, wanda aka cire hoton dodon aka sa tambarin Agadas na Abzinawa, aka kuma shafe ƙotar da nikel. Ga Musulmin da ba ya son shiga masallaci da hoton dodo a aljihu, ita ce zaɓi, kuma nikel ɗin na tare gumi fiye da baƙar ƙotar asali, wadda ita ma tana tsatsa. Ka sani ba ta da makulli, sifirin ne mai ƙarfi ƙwarai ke riƙe ruwan. In za ka rufe ta, kwashe yatsunka daga hanya, don ba ta yin sannu. Ba na ba yaro ita.

Mercator ta Jamus 'yar'uwarta ce a siffa: ƙotar ƙarfe shafal, baƙin fenti, hoton kyanwa tana tsalle da rubutun K55K. Tun 1867 ake yinta a Solingen, yanzu kamfanin Otter ke ƙera ta. Abin da ta fi Douk-Douk da shi makulli ne na gaske a bayan ƙota, sai ka danna ruwan ke rufuwa. Fentin yana goguwa in tana gogayya da makullai da sulalla, inda ya gogu kuma nan tsatsa ke kamawa, sai a riƙa shafa mai. Riƙonta ba daɗi in aikin ya yi tsawo, gefen ƙarfen na cin tafin hannu. Wanda ke da ɗan'uwa boga, wato mai zaman Turai, a Hamburg, wannan ce mafi sauƙin saƙo.

Okapi kuwa yawancin dattawa sun san ta, ko da ba su riƙe sunan ba: ƙotar katako ja-ja, zobe a baya da ake ja kafin ta rufu, da ƙarar ƙaras-ƙaras in ana buɗewa, wasu da adon wata da taurari. A Solingen aka fara yinta a 1902 domin kasuwannin Afirka, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ita ce mafi araha a cikinsu, kuma katakonta an cusa masa danƙo, ba ya kumbura irin na Opinel. Amma ƙarfenta ya fi na sauran laushi, sau da yawa tana zuwa ba kaifin kirki sai ka zauna ka gyara mata baki, ga ta doguwa. Wuƙar gona ce da bakin shago, ta yanke igiya da buhu. Tsayinta da ƙararta na jawo ido, ba ta dace da yawo cikin gari ba.

Sauran biyu a taƙaice. Higonokami ta garin Miki a Japan ƙarfenta na da tauri da kaifi ƙwarai, amma ba sifirin ba makulli, babban yatsa ke danne wata 'yar wutsiya, ta fiƙe alƙalami ce da aikin zaune. Wuƙaƙen Amurka irin Case, masu ƙotar ƙashi, kyawawa ne, sai dai kuɗinsu in an juya shi sidi ya wuce na wuƙar aiki, na masu tarawa ne.

Idan ɗaya tak zan ce ka saya, kuma kana zaune a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango kana yawo da ita damina da rani, Mercator zan ce, don makullinta da ƙotar da ba ta kumbura. Idan aikinka yankan abinci ne kuma za ka yi haƙurin shayar da katako mai, Opinel lamba 8 ba ta da na biyu. Mai sayar da kifi, da mai feraye lemu ko abarba wuni guda, su bar baƙin ƙarfe gaba ɗaya: tsami da gishiri za su cinye bakin kafin yamma, ɗanɗanon ƙarfe kuma zai hau kan kayan. Opinel Inox ko Victorinox, wuƙar Switzerland marar tsatsa, ta fi musu. Kuma don Allah kada a kai wuƙar aljihu wuyan dabba ranar layya. Yanka na son doguwar wuƙa tsayayya mai kaifi, irin wadda maƙeranmu ke bugawa da sifirin mota. Ta aljihu sai wajen fiɗa da gyaran nama.

Jabu ta yi yawa, saboda haka riƙe wuƙar a hannu kafin ka biya. Buɗe ta, kama ruwan ka girgiza hagu da dama. In yana rawa, ajiye. Rufe ta ka duba ko ruwan ya kwanta tsakiyar tsagi, tsinin bai leƙo waje ba. Rubutun asali a nutse yake kuma a tsaftace, na jabu sau da yawa fenti ne kawai. Maganaɗisu ba zai gaya maka komai ba, don farin ƙarfen wuƙa ma yana kama shi. Gwajin da ba ya ƙarya ɗigon lemun tsami ne: a kan baƙin ƙarfe wurin zai dushe ya yi toka-toka cikin 'yan mintoci, a kan marar tsatsa ba abin da zai faru. Nemi izinin mai kaya tukuna, tabon ba ya fita da sauƙi.

Wannan dushewar ma ya kamata a fahimce ta, don mutane da yawa na kankare ta suna zaton datti ne. Launin toka, shuɗi-shuɗi ko baƙin da ke hawa ruwan wuƙa bayan ta yanka goro, albasa ko nama, kariya ce, tana rage wa tsatsa hanya. Jar tsatsa mai ƙaiƙayi a yatsa ita ce abokiyar gaba, ita ke haƙa rami. Wasu na gaggauta baƙin ta hanyar goge man da ke ruwan, su soke shi cikin albasa ko su shafa ruwan tsami, su wanke su busar. Ni na fi son goro ya yi aikinsa a hankali. In jar ta fito, toka da ɗan mai a tsumma na cire ta tun tana sabuwa, in ta kama sosai sai soson ƙarfe mai laushi.

Batun mai: man keken ɗinki ya yi wa mahaɗa, ɗigo ɗaya ya isa, amma kada ya hau ruwan da zai taɓa abinci. Baƙin man mota kuwa ko kusa. Man gyaɗa da manja suna yin danƙo su yi wari in sun kwana biyu, su kuma tara ƙura a cikin tsagi. Man kaɗe da ke kowane gida ya wadatar ga wuƙar da ake aiki da ita kullum, a shafa kaɗan a goge har sai ba a ganinsa. Wajen wasawa, kwantar da ruwan a kan dutse ka ɗaga bayansa kaɗan, wajen digiri 15 zuwa 20, ka gama a kan fata yadda wanzamai ke yi wa aska. Kada ka miƙa ta ga mai injin wasa adda. Injin na zafafa siririn baki, da zarar ka ga ya yi shuɗi taurin wurin ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wannan sashe.

Mai son tarawa ya riƙa leƙa kayan gwanjon da ake saukewa daga Turai, cikin cokula da kayan aiki wani lokaci tsohuwar wuƙa na ɓuya. Okapi da aka buga wa sunan Jamus ta riga komawar aikin Afirka ta Kudu, ta fi daraja wajen masu tarawa. Tsofaffin Opinel zobensu na kulle ruwa a buɗe kawai, na baya-bayan nan suna kullewa har a rufe. Case kuma a 1970 ta fara sa ɗige-ɗige goma a gindin ruwa don nuna shekarar ƙira, ana rage ɗaya kowace shekara. In ka samu tsohuwa, tsayar da tsatsar ka tsaya nan, gogewa har ta yi walƙiya na shafe rubutu ya zubar da darajarta. Kada ka adana wuƙa cikin kuben fata: fata na riƙe laima, kuma abin da aka jeme ta da shi na cin ƙarfe. Shafa mai, naɗe a takarda, sa a gwangwani mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa buɗewa kana dubawa duk wata a damina.

Saura doka. Sashe na 206 na dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960 ya haramta ɗaukar makami a bainar jama'a ba tare da izinin doka ba. Ƙaramar wuƙa a aljihun mai sana'a yana bakin aikinsa na da bayani; doguwar Okapi a taron siyasa, filin ƙwallo ko yawon dare ba ta da shi. In za ka hau jirgi, ko a filin Prempeh na nan Kumasi ko tafiyar Hajji, sa ta cikin babban akwati, don a jakar hannu za a karɓe ta a ƙofa.