Matacin Sterivex wajen tattara RNA na kifi daga ruwa

Kifi na zubar da yauƙin jikinsa da kashi da ɓarɓashin fata cikin ruwa, DNA da RNA ɗinsa na ciki. DNA na shaida cewa kifin yana nan. RNA kuwa shi ke nuna halin da yake ciki: aikin ƙwayar halittar cyp1a na tashi idan kifin ya haɗu da dangin man fetur, metallothionein kuma idan ƙarfe mai guba irin kadmiyom ne. A 2023 masu bincike a Japan sun gwada hanyar da kifin medaka da sinadarin pyrene a cikin tanki.

Sterivex na kamfanin Merck ɗan bututun roba ne, matacin na rufe a ciki, faɗinsa murabba'in santimita 10. Akwai samfurin GP mai ramin maikiromita 0.22, akwai HV mai 0.45. Ga aikin kifi HV ya fi, domin GP saurin toshewa gare shi, kuma yana tara bakteriya barkatai, RNA ɗinsu ya danne na kifin da dama ɗan kaɗan ne.

Da sirinji mai mililita 50 ake tura ruwan, a cire a sake cikawa har a kai rabin lita ko lita ɗaya. Sai a tura iska zalla sau biyu ko uku, a toshe ƙasan, a zuba RNAlater, ruwan maganin da ke hana RNA lalacewa, kamar mililita 2, a rufe saman. Turin iskar nan kada a yi masa ganganci, ragowar ruwa na tsinka maganin, RNA ya lalace tun a hanya. Ƙa'idar RNAlater ita ce kwana ɗaya a zafin digiri 37, mako ɗaya a 25. Mai aiki a bazara ba shi da zaɓi sai akwatin sanyi da ƙanƙara, ya kai firiza mai -20 a ranar.

Kasancewarsa a rufe ne babban amfaninsa, hannu da ƙura ba sa taɓa matacin. Duk da haka a tace tsaftataccen ruwa a mataci ɗaya a bakin kogin don gane gurɓacewa.

Rauninsa ruwa mai laka. A kogi irin Challawa na Kano da damina, inda ruwan masana'antun jima ke shiga, zai iya cijewa kafin a tace abin kirki, babban yatsa ya gaji. Dole a raba ruwan a mataci biyu ko uku, ga shi sau ɗaya ake amfani da kowanne, kuma ba araha ba.

A ɗakin gwaji a zuƙe RNAlater tas kafin a fitar da RNA, gishirinsa na rage abin da ake samu. A sa DNase, sinadarin da ke lalata DNA, a kuma gudanar da gwajin auna yawa na qPCR ɗaya ba tare da juya RNA zuwa cDNA (kwafinsa na DNA) ba. Idan wannan ya nuna alama, ragowar DNA ake aunawa, ba wahalar kifi ba.